Digirin Rahila da Gonar Doya

Har gobe ba zan manta da ranar da aka tantance masu neman aikin lafiya a sakatariyar ƙaramar hukuma ba, a shekarun ƙarshe na aikina. Ku da kuke tambayata me ya sa nake ɓata rai idan aka ce yaro zai karanta lafiyar al'umma a jami'a, to ga dalilin.

A lokacin ni ce shugabar wani ƙaramin asibiti a Tudun Fulani. Akwai wata yarinya, Rahila, 'yar manoman doya daga wajen Kuta, da ta zo mana aikin sa-kai bayan ta gama hidimar ƙasa. Digiri gare ta a fannin lafiyar al'umma. Ga wanda bai sani ba, ɗan sa-kai aiki yake yi kamar kowa, sai dai ƙarshen wata ba shi da ko sisi. In an fita rigakafi a ba shi na mota, shi ke nan. Rahila ta daɗe a haka. Ita ke tsara unguwannin da za mu shiga, ita ke zama da masu ciki ranar awo ta yi musu bayani da Hausa da yarenta, kuma duk ɗalibar da aka turo mana koyon aiki a hannunta nake damƙa ta.

Mahaifinta, Baba Danladi, duk shigowarsa Minna sai ya leƙo mu da doya ɗaure a bayan babur. Ba ya kiranta da sunanta, Likita yake ce mata. Na sha gyara masa, sai ya yi dariya ya ce ai duk ɗaya ne. Da bakinsa ya faɗa mini cewa babbar gonarsa ya sayar wa maƙwabcinsa don karatun nan, kuma mutumin ya yi alkawarin sayar masa da abarsa idan Likita ta fara ɗaukar albashi.

Da aka buɗe ɗaukar ma'aikata sai aka sa ni cikin kwamitin tantancewa. Na yi murna, na ce zancen Rahila ya ƙare. Ashe tun daga bakin ƙofa magatakarda ke raba mutane gida biyu, masu lasisi da marasa shi. A aikinmu lasisi shi ne izinin taɓa maras lafiya. Wanda ya yi difloma a makarantar koyon aikin lafiya yakan zauna jarrabawa ya samu, da shi kuma ake ɗora mutum a kan albashin ma'aikatan lafiya da alawus ɗinsa. Digirin su Rahila a lokacin ba ya zuwa da lasisi. Ko zama ba a ce ta yi ba.

Na tashi na sami daraktan lafiya, na ce masa yarinyar nan ita ke riƙe da rabin asibitina. Ya karɓi takardarta ya duba, har ya yaba sakamakon, sannan ya miƙo mini.

"Hajiya, nuna mini gurbinta. A wane mataki zan sa ta?"

Ba mugu ba ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don da mugu ne da na san da wanda zan yi faɗa. Aka ɗauki Jamila, mai difloma, wadda Rahila ta koya wa yadda ake jera maganin rigakafi a akwatin ƙanƙara. Ban yi wa Jamila baƙin ciki ba, rabonta ne, kuma tana da ƙoƙari.

Da muka fito na tarar da Baba Danladi a gindin mangwaro, ya sha sababbin kaya, ga doyar godiya a gefensa. Ni na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce da 'yar Hausarsa:

"Hajiya, yarinya na ya yi jami'a fa. Wannan da an ɗauka, ya fi shi karatu ne?"

Na ce a'a, lasisi ne da ita.

"To don me ba wanda ya faɗa mini kafin na sayar da gona?"

Ya tilasta mini karɓar doyar, wai ya riga ya yi niyya. Na kai gida na rabar, na kasa ci.

Rahila ta koma makarantar koyon aikin lafiya, ta fara daga aji ɗaya tare da yaran da suka gama sakandare. Da lokacin koyon aiki ya yi, asibitina aka turo ta, sanye da rigar ɗalibai, Jamila ce mai duba ta. Na ja ta gefe na tambayi lafiyar Baba. Ta ce yana nan, ƙodago yake yi a gonar da ya sayar, yana yi wa maƙwabcin nan kunyar doya, da kuɗin yake biya mata makaranta. Don in sa ta dariya sai na ce ko har yanzu Likita yake ce mata.

"A'a, Mama. Rahila yake ce mini yanzu."

Abin da na koya shi ne, a wannan aikin namu ba ilimi ake biya ba, gurbi ake biya. Masu karɓar kuɗin makaranta sun san haka, mu ma'aikata mun sani, manomin da zai sayar da gona ne kawai ba a faɗa wa. Shi ya sa duk uban da ya zo mini da murnar ɗansa ya sami wannan kwas, ba na fara yi masa barka. Zaunar da shi nake yi, in tambaye shi me zai sayar.