Fitilar da Ke Cikin Hular Baba Shaame

Baba Shaame, ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, Allah ya karɓi abinsa, kwana shida bayan safiyar da ba zan manta ba. Da asubar wannan Larabar wasu suka jefa nakiya a duwatsun murjani na bayan tsibirinmu. Gari na wayewa matattun kifaye suka rufe gaɓa. Ina kallo ka durƙusa, ka tsinci wani ɗan baƙin kifi da bai cika tafin hannu ba, ka rufe shi da hularka, ka ce, "Faki, leƙa nan." Na leƙa, na kusa da mu ma suka leƙa. Ƙarƙashin idonsa haske ne, kore-kore, yana dusashewa.

Shekara talatin kana cewa akwai kifi mai fitila a kogon duwatsun nan, ana yi maka dariya. A wurin shan shayi Mcha mai kanti yakan ce, "Baba, kananzir ya yi tsada, ara mana kifinka mana." Sai ka murmusa, ka ci gaba da ɗinkin komarka. Rabin masu dariyar kai ka koya musu gane iska. Ba ka taɓa sauke kamu ba sai ka ware na marayu.

Amma shekarar da ka ga jinjirin watan azumi, ka ruga masallaci, aka ce mai ganin fitila a ƙarƙashin ruwa ba a karɓar shaidarsa a kan abin da ke sama. Kai kaɗai ka tashi da azumi. Tun daga ranar ka koma sahun baya.

Safiyar Larabar nan, a bakin gaɓa, na ce bari in tara gari su ga kifin. Ka ce, "Bar su, ɗana. An rushe masa gida, me ya rage su gani?" Ka mayar da kifin ruwa.

A wurin jana'izarka bakunan nan dai na ji suna cewa ba ka taɓa ƙarya ba. Ina ma sun faɗa kana da kunnen ji.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba Inna Mwanajuma da 'yarku Asha haƙuri.

Ban iya dogon rubutu ba, amma shaida na iya. Mu huɗu muka leƙa hular: ni, Faki Vuai, da Kombo mai gyaran jirgi, da Mtumwa mai suyar kifi, da Mcha, wanda ya fi kowa daɗewa da kansa a sunkuye. In ya musa, a turo mini shi.