Ɗan Garuwan da Aka Hana Faɗin Ruwa

A Tungar Dudu, can bakin kogin Kwara a ƙasar Ngaski, in an ce Sallau ba a tambayar wanne. Ɗan garuwa ne, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda sandar ɗaukar garwa ta yi wa kanta a wuya tun yana saurayi. Allah bai ba shi gona ba, bai ba shi jirgi ba, sai ya tattara rabonsa duka ya zuba masa a maƙogwaro. In Sallau ya tsaya a gangaren kogi ya ce "Ga ruwa!", matan ƙarshen gari sukan tashi su fara ɗauraye randa. Masunta sun sha yin ƙorafi wai yana kore musu kifi.

Amininsa shi ne Sahabi masunci, mijin Barakatu mai ƙosai. Tare aka yi musu kaciya, tare suka sha dukan iyaye a kan satar albasar mutane. Kullum da hantsi Sallau yakan cika wa Barakatu randa, ita kuma ta tsamo masa ƙosai masu zafi. Sahabi na gefe yana gyaran koma, yana mitar cewa cinikin nan da cuta a ciki, tunda ruwan na Allah ne, waken kuwa nasa ne.

Ƙwallo ta shigo garin ne tare da 'yancin kai. Malam Ishaya na makarantar elementare ya kawo ta don bikin, aka share tsohuwar kasuwar shanu aka kafa sanduna. Filin yana da katangar ƙasa zagaye da shi, da ƙofa babba a gaba, da wata ƙarama a baya ƙarƙashin tsamiya. Dattawa suka yi ta tsaki, wai ƙarti suna bin fata ɗaya da gudu kamar an ce musu da nama a ciki. Ba a daɗe ba su ne masu riga kowa kama wuri.

Sai ga maganar madatsar Kainji. Ma'aikata suka zo suka shafa wa itatuwa fenti, suka ce ruwa zai zo har nan, kowa zai tashi. Abin da ba su faɗa ba shi ne yaushe, da kuma yadda zai zo. Wasu suka ce rarrafowa zai yi a hankali. Wasu suka rantse cewa ranar da aka rufe ƙofofin madatsar, a tsaye zai taho, tsayinsa ya kai giginya. Mata suka ƙulle kwanukansu a zane suka ajiye kusa da ƙofa. Ko gaisuwa ake yi, daga "ina gajiya" sai "ina labarin ruwa".

Cikin wannan hali aka shirya wasan ban kwana da fili, 'yan Tunga da 'yan tsallaken kogi. Dagaci ya tsufa, ba ya fita, don haka komai yana hannun Wakili, mutum mai son tsari da son a ga shi ya tsara. Ya gayyato manyan ma'aikatan madatsa, ya sa aka jera musu benci a inuwar tsamiya. Da ya ga talakawa suna ta kurɗowa ta ƙaramar ƙofa suna giftawa gaban baƙinsa da warin kifi, sai ya sa aka ja ƙyauren aka ɗaure shi tamau da igiyar jirgi. Rabin gari na kallo aka yi wannan ɗauri. Sannan ya aika wa Sallau cewa in an tafi hutun rabin lokaci ya kawo wa 'yan wasa abin sha.

Sallau ya iso da garwa biyu cike, ya tarar da babbar ƙofa a cushe, ba masaka tsinke. Ya ce gafara, ba wanda ya motsa. Ya sake cewa, wani ma ya taka shi. Sai ya buɗe baiwar da Allah Ya yi masa.

"Ga ruwa! Ruwa ya iso! Ku ba da hanya!"

A kowace shekara ta duniya da dariya za a yi a matsa masa. Amma a wannan shekarar, a wannan gari, mutane sun daɗe suna jiran ranar da za su ji wannan magana. Fili ya kaure. Mai tsaron raga ya riga kowa ficewa. Manyan baƙi suka taka benci suka haura katanga. Wakili, da babbar rigarsa da komai, ya ɗare tsamiya har reshen da yara ma ke tsoro. Daga baya ya musanta, sai dai an ga takalminsa ɗaya yana lilo a can sama har aka tashi garin.

Wannan shi ne ɓangaren da ake ba da labarinsa ana dariya. Sauran ba shi da daɗin ji. Waɗanda babbar ƙofa ta yi musu nisa sun ruga ƙaramar da suka sani, Sahabi na kan gaba. Suka tarar da ita a ɗaure. Na baya ba su sani ba, suka yi ta turowa, har katanga ta rufta. Mutane da yawa sun karye. Sahabi da wani dattijo baƙo daga tsallake ba su tashi ba. Sallau da hannunsa ya tono amininsa daga cikin ƙasa.

Bayan sadakar bakwai aka zauna a ƙofar dagaci don a san mai laifi, kuma Wakili ne ya hau buzun shari'a. Laifi kuwa tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Malam Ishaya ya ce shi usur kawai ya hura. Maginin da ya taɓa yaɓe katangar ya ce don shanu ya yaɓe ta, ba don mutane ba. Ma'aikatan madatsa suka aiko cewa su ba su taɓa sa ranar ruwa ba. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, wanda gaskiya ne, amma ba shi aka tambaya ba. Can daga baya wani ya yi ƙarfin hali ya ce, "To, igiyar hwa?"

Wakili ya yi gyaran murya. "Igiya tana ihu? Mu ihu munka ji. Wa yay yi ihu?"

Ido duka ya koma kan Sallau.

"Ranka shi daɗe," in ji Sallau, "abin da nika hwaɗi kullum shi na hwaɗi. Kuma kai ka aiko in kawo."

"Na ce ka kawo, ban ce ka tada gari ba. Daga yau kada a koma jin kalmar ga bakinka cikin jama'a."

Kowa ya yi ajiyar zuciya. An samu mai laifi, hukuncin bai ci wa kowa komai ba, ga shi kuma Wakili ne zai raba gidaje a sabon gari. Aka shafa fatiha aka watse.

Washegari da hantsi mutane suka kasa kunne su ji yadda ɗan garuwa zai yi talla ba tare da sunan hajarsa ba. Sai ga murya daga gangare:

"Ga suruki! Suruki mai sanyi!"

Da aka tambaye shi, ya ce ai wanda mutum ba ya faɗin sunansa don kunya, in ba ɗan fari ba to suruki ne, shi kuwa ruwa ya girme shi. Daga nan Sallau ya riƙe dokar Wakili fiye da yadda Wakili ya so. In an tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi ɗan ga-suruki ne. In aka kawo masa tsegumi ya ce ba surukinsa. Da damina in an gaishe shi da "ina ruwa", ya amsa da "suruki ya yi gyara". Yara suka ɗauka, mata suka ɗauka, har wata rana aka ji ladan yana faɗa wai an bar butocin masallaci ba suruki.

Mutane na ganin shaƙiyanci ne, kuma shaƙiyancin ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Duk baƙon da ya ji tallar nan sai ya tambayi dalili, dalilin kuwa ba ya faɗuwa ba a bi ta filin ƙwallo ba. Sallau ya ƙi yarda a binne zancen. Abu ɗaya yake so a duniya: mutum ɗaya ya tashi cikin jama'a ya ce ƙofar da aka ɗaure ce ta kashe Sahabi, ba bakin Sallau ba. Kuma yana so Barakatu ta ji.

Don tun da ta fita takaba ba ta ƙara sayen ruwansa ba. In ta hango shi sai ta juya ta shiga juya ƙosan da ba su isa juyawa ba. Wannan ya fi hukuncin Wakili yi masa ciwo nesa ba kusa ba. Yakan yi ba'arsa a kasuwa har mutane su riƙe ciki, in ya zo wucewa ta gaban kaskonta sai ya yi shiru ya ɗaga ƙafa.

Ruwan da aka yi ta tsoro, da ya tashi zuwa, a hankali ya taho, har kaji na kiwo a bakinsa. Aka kwashe mutane zuwa Sabuwar Tunga, cikin gidajen siminti masu rufi kamar an kife jirgi. Tafki ya shanye fili da katanga da tsamiya. Wakili ya ɗauka ya shanye zancen ma, sai ga "suruki" ya biyo su cikin motar kaya.

Ran nan ya tare Sallau a bayan kasuwa, inda ba kowa sai wani jaki yana kiwo.

"Kai Sallau, wasan ga ya isa hakanan. Na ɗage doka. Kira abinka da sunanai."

"Allah shi ba ka nasara, nan kaɗai? Daga ni sai kai sai jakin ga?"

"To mi kaka so?"

"Cikin jama'a anka ɗaure ni, cikin jama'a za a kwance ni. In ko kwancewa za a yi, a hwara da abin da anka hwara ɗaurewa."

Wakili ya dube shi, ya tattare rigarsa ya wuce. Da ya kai gida ya hana iyalinsa sayen ruwan Sallau, suka koma saye ta katangar maƙwabta.

Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru. Sallau ya yi furfura, kafaɗarsa ta karkace. Yaran da aka haifa a sabon gari suka tashi suna cewa suruki ba su san mafari ba, wasunsu ma sun ɗauka wani yare ne na mutanen tsibiri. Wannan ya fara ba shi tsoro, don ya ga wasan nasa zai rayu, dalilin wasan ya mutu.

Sai wata safiya Wakili ya cika. Aka aiko wa Sallau ya kawo ruwan wanka, don a unguwar shi ne mai garwa. Ya zauna jim a bakin tafki kafin ya ɗiba. Ba murna ya yi ba. Mutumin da yake jira ya buɗe baki ya tafi da bakinsa a rufe, shi ke nan kuma.

Ya iso gidan ya tarar da jama'a sun cushe ƙofar zaure, maza na son zama, mata na son shiga ciki, ana ta ture-ture. Gidan yana da ƙofar baya, amma 'ya'yan mamaci sun sa an kulle ta don kada a dami manyan baƙi da aka shimfiɗa wa tabarma a wajen. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sallau ya tsaya da kaya a wuya, ya ce gafara, ba wanda ya ji. Ya buɗe baki ya rufe. A gidan mutuwa ba a yin ba'a, ɗaya kalmar kuwa an hana shi. Sai ya tsaya kawai, garwa na ɗiga a ƙafarsa.

Wata murya ta tashi daga cikin mata, ta tsohuwa, amma ba rawa a cikinta.

"Ku ba bawan Allah hanya, ruwa na yak kawo! Kuma ku tai ku buɗe ƙohwar bayan can, tun ba ku kashe wani ba ku ce shi na. Haka ubanku yaɗ ɗaure waccan, mijina yam mutu bakinta."

Barakatu ce. Dattawa suka sunkuyar da kai, kowa ya shiga neman wani abu a cikin carbinsa. Babban ɗan Wakili ya buɗe baki, wani tsoho ya riƙe masa hannu. Can aka ji ƙarar sakata daga bayan gida, jama'a suka dare.

Sallau ya matso kusa da ita, muryar nan tasa da ke tada gari ta koma kamar ta mai mura.

"Barakatu, ashe kin sani?"

"Gabana anka ɗaure ta, ina tuya."

"To don mi ba ki hwaɗi ba?"

"Wa yat tambaye ni? Ina cikin takaba kunka yi shari'arku." Ta gyara mayafinta. "Ban taɓa riƙonka da komi ba, Sallau. Muryarka ta ban iya ji. In na ji ta, sai in ga kamar zan waiga in gane shi zaune yana gyaran koma."

Sallau ya tsaya yana kallonta, hawaye na bin furfurar gemunsa.

"Ka tsaya kallona?" in ji ta. "Shiga, gawa na jira."

Ya gyara sandar a wuyansa ya shiga, ruwan yana ta fallatsa a zauren.