Gaisuwar da Na Rage wa Sada

A wannan makon shekara bakwai ke nan cif da muka kai Sada makwancinsa. Shi ne ɗana na fari. Yana da rai ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba, kamar yadda iyayenmu suka yi da nasu 'ya'yan farin. Sai in ce "yaron nan", ko "yayan su Murja", da ya gama jami'a kuma na koma ce masa "Injiniya". Yau ne na fara rubuta sunan inda kowa zai gani. Ya rasu yana da shekara talatin da biyar, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.

Ni tafinta ne. Da wannan aikin na ci abinci fiye da shekara talatin, a Khartum, da Jidda, da Yamai, da Dakar, da wasu biranen Turai inda ake kai mu taro. Ina ɗaukar magana daga Larabci in kai ta Faransanci, in ɗauko daga Turanci in sauke ta a Hausa. Abin da aikin ya koya mini shi ne, kalma ita ce mafi sauƙin fassarawa. Mai wuyar shi ne ɗan shirun da mutum yake yi kafin ya furta ta. Na sha zama tsakanin manyan mutane biyu, ɗaya ya ce "mun amince", ni kuwa na san daga yadda ya ja numfashi cewa bai amince ba. Da wannan kunnen nake taƙama. Shi ya sa abin da zan faɗa yake yi mini nauyi.

A Turai, in ka haɗu da baƙo, tambayarsa ta farko ita ce wane aiki kake yi, kuma da amsarka zai auna kujerar da zai ba ka. Mu a Katsina ba haka muke ba. Mukan bi gaisuwa daki-daki: an kwana lafiya, ya gajiya, ya iyali, ya yara, sannan ya aiki. Amsar kuma a shirye take tun kafin a haife mu: "Da godiya." Mai babban ofis da mai tura baro duk ita suke bayarwa. Na daɗe ina yaba wannan a gaban abokan aikina na waje, ina cewa mu ba ma auna mutum da aikinsa. Ban lura da cewa amsar da kowa yake bayarwa tana iya zama maɓoya ba.

Sada ya karanta injiniyan lantarki. Yana gama hidimar ƙasa wani kamfanin sadarwa a Legas ya ɗauke shi. Albashin da suka fara ba shi ni ban kai shi ba sai da furfura ta fito mini. Suka ba shi mota, suka ba shi gida. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kira ni, duk ƙasar da nake. Mu bi gaisuwa har mu zo wurin, in ce, "Ya aiki, Injiniya?" Sai ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Da godiya, Baba." Shekara shida muna haka. Shirun nan ina jin sa, amma na ɗora wa layin waya laifi.

Na yi ritaya na dawo gidana a Kambarawa da 'yan watanni, sai ga shi da matarsa da 'ya'yansa biyu da kaya niƙi-niƙi. Ya durƙusa a gabana ya ce ya ajiye aiki.

Na ce, "Korarka suka yi?"

Ya ce, "A'a, Baba. Har roƙona suka yi in zauna."

"To me ya same ka?"

Ya ce shekara shida yana zaune a ɗaki mai sanyi yana kallon allo, yana gadin injinan da bai taɓa sa wa hannu ba. Ya ce yana so ya buɗe shago a Ƙofar Kaura, ya riƙa haɗa famfunan rijiyar burtsatse masu aiki da hasken rana, yana kai wa ƙauyuka, in sun lalace ya je ya gyara.

Na ce, "Wato na kai ka jami'a ne don ka dawo mai gyaran famfo?"

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, famfon ma ai injiniya ne ya ƙera shi."

Ban yi dariya ba. Bayan kamar sati biyu da buɗe shagon ya shigo gaishe ni da safe, bakin faratansa duk baƙin mai. Bakina ya riga ya saba, sai na ji na ce, "Ya aiki?" Bai yi shirun nan ba ko kaɗan. Ya ɗago ya ce, "Da daɗi, Baba."

Ban taɓa jin wani ya amsa haka ba. Na ɗauka tsiwa ce, yana so ya nuna mini shi ne mai gaskiya. Daga washegari na cire tambayar daga gaisuwarmu. Ban yi masa faɗa ba, ban daina amsa sallamarsa ba. Kullum da safe zai zo ya durƙusa, mu yi an kwana lafiya, ya gajiya, ya iyali, ya yara, sai in tsaya nan. Shi kuma sai ya ɗan ƙara zama a durƙushe, kansa a ƙasa, yana jira. In ya ji ba ta zo ba, ya ce, "To Baba, a yi mana addu'a," ya tashi. Shekara uku muka yi a haka, har ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Baƙi da suke ganin haka sun ɗauka kunyar ɗan fari ce. Na bar su a kan hakan, domin ya yi mini sutura. Mahaifiyarsa ce kaɗai ba ta ruɗu ba. Wata safiya bayan ya fita ta ce, "Alhaji, ka tsallake ɗaya."

Na ce ban tsallake komai ba.

Ta ce, "Mai gadi kana tambayarsa aiki. Mai kawo mana ruwa a kura kana tambayarsa. Shi kaɗai ne ba shi da aiki a garin nan?"

Na ɗauki jarida na rufe fuskata.

Ranar addu'ar uku wata akori-kura ta tsaya a ƙofar gidana cike da mutanen da ban sani ba, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Wani dattijo a cikinsu ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, kai ne uban Mai Ruwa?" Ban gane wanda yake nufi ba, sai da wani ya raɗa mini cewa sunan da suke kiran Sada da shi ke nan. Dattijon ya zauna yana ba ni labari. Ya ce kafin yaron ya zo matansu tun asuba suke fita neman ruwa, ba sa dawowa sai hantsi. Ya ce in famfo ya tsaya, ko ranar kasuwa ce, aika ɗaya ake yi sai ga shi a kan babur. Ya ce ya koya wa samarinsu biyu yadda ake wanke faifan sola da canza roba, wai don kada su riƙa jiransa. Can sai ya ce, "Ai kai ka fi mu sani, Alhaji, tunda a gabanka yake." Na gyaɗa kai. Ni da na ƙare rayuwata ina fassara wa mutane maganar junansu, ranar nan a zauren gidana aka zauna ana fassara mini ɗana.

Ba zan yaudari matasan da suke karanta wannan ba. Zaɓin Sada ya zo da tsadarsa, kuma ba shi kaɗai ya ɗauke ta ba. Har ya rasu bai mallaki gida nasa na kansa ba. Matarsa ta koma koyarwa, yaran suka canza makaranta. Abokansa da suka zauna a Legas yau wasunsu sun yi gini a GRA, kuma ban ga laifinsu ba. A wannan zamanin da albashi yake ƙarewa tun wata bai raba ba, wanda ya riƙe aikin da ba ya so domin ya ciyar da iyayensa da ƙannensa ba matsoraci ba ne. Na ga irinsu a kowace ƙasa na zauna: likita yana tuƙa tasi a Jidda, lauya yana gadi a Turai, kowanne da gidan da yake ɗauke da shi a wuya.

Nakan tambayi kaina me Sada zai ce da ya ga yau. Sa'o'insa rabi suna neman hanyar fita ƙasar, wasu suna zaune a ɗakunansu a nan Katsina suna yi wa kamfanonin da ba su taɓa gani ba aiki ta kwamfuta, famfon sola kuwa da na raina ya zama sana'ar da ake rububi. Ba na jin zai ce kowa ya ajiye aikinsa. Shi ba mai wa'azi ba ne. Ina jin zai tambayi mutum ne kawai, sannan ya yi shiru ya saurara.

Mahaifiyarsa ta bi shi shekara uku da suka wuce. Ƙannensa maza biyu suna nesa, sai waya. Wadda ta rage mini a garin nan ita ce autata, Murja. Ilimin irin shuka ta karanta, amma ni na yi mata hanya ta samu aiki a banki, kusa da gida, albashi mai kyau. Kullum in ta tashi daga aiki sai ta biya gidanta ta ɗauko mini tuwo a kula, ta zauna mu yi hira har a kira magariba. Wannan sa'a guda ita ce muryar mutum da nake ji a gidan, in ka cire rediyo.

Watanni huɗu da suka wuce mijinta, Malam Kabir, ya zo shi kaɗai. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, "Baba, ta ce kada in faɗa maka." Wata cibiyar binciken iri a Dakar ta ba ta gurbin shekara uku, kan gero mai jure fari. Abin da za su ba ta, in aka cire tsadar zaman can, bai kai na banki ba. Shi ya yarda, zai bi ta da yaran. Ita ce ta ce za ta rubuta musu ta ƙi, kuma ranar Litinin wa'adin amsa yake cika.

Na yini ina shirya hujjoji, kuma na samu da yawa. Na san Dakar, na san tsadar hayarta. Aikin banki ba a samunsa sau biyu. Har na tanadi wadda na san ba za ta iya tsallakewa ba: zan ce mata yayanta gida ya dawo, bai guje mu ba. Wato zan ɗauki sunan yaron da na ƙi tambaya in ɗaure ƙanwarsa da shi. Abin da nake tsoro kuwa ba haya ba ce, ba banki ba ne. La'asar nake tsoro, ta yi babu mai turo ƙofa.

Ta zo kamar kullum, ta durƙusa, muka bi gaisuwa. Na ce, "Ya aiki, Murja?"

Hannunta yana kan murfin kula. Ta juya shi sau ɗaya, ta tsaya, sannan ta ce, "Da godiya, Baba."

Shirun nan ne. Tsawonsa ɗaya da na Legas, kuma wannan karon babu layin wayar da zan ɗora wa laifi.

Na ce, "Ba gaisuwa nake yi ba, auta. Tambayarki nake yi."

Ta dube ni, ta gane Kabir ya riga ya zo. Idonta ya ciko. Ta ce, "Baba, to wa zai riƙa kawo maka tuwo?"

Na ce, "Shekara huɗu na yi a Dakar ɗin nan ina cin shinkafa da kifi, ga ni ban mutu ba. Ke ma ba za ki mutu ba. Tashi ki je ki rubuta musu kin amince, tun ban canza magana ba."

Ta yi dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Ban ambaci yayanta ba.

Sun tafi watan jiya. Tuwo yanzu daga gidan maƙwabta ake aiko mini, kuma Allah Ya saka musu, amma mai kawowa a bakin ƙofa yake ajiyewa. Ranar Juma'a Murja takan kira. In na ce ya aiki, ba ta cewa da godiya, ba ta cewa da daɗi. Sai ta kama ba ni labarin wani irin gero da ya yi kwanaki babu ruwa bai sunkuya ba, ta yi ta zuba har katinta ya ƙare. Rabin abin da take faɗa ban gane shi ba, duk da harsunan da nake ji. Ba na katse ta.

Me ya rage na Sada bayan shekara bakwai? Shagonsa na Ƙofar Kaura yanzu wayoyi ake sayarwa a ciki. Famfunansa, an ce mini wasu sun tsaya, wasu suna nan suna zuba, samarin nan biyu ne suke kula da su. 'Ya'yansa suna girma, babban da irin hannunsa. Sai kuma ƙanwarsa da take can bakin teku tana aikin da ranta yake so, ba ta san shi ne ya buɗe mata ƙofar ba.

Ni kuma ya bar mini gaisuwar da ban ƙarasa ba. Da safe, a lokacin da ya saba shigowa, nakan zauna a kujerar nan ta zaure in yi masa addu'a. In na shafa, sai in dubi gefen tabarmar da yake durƙusawa, in ce, "Ya aiki, Sada?" Sannan in jira, daidai tsawon jiran da yake yi mini kafin ya tashi.