Ɗiyata da Kofin Roba

Ni mai sayar da robobi ne a kasuwar Jega, shekara goma sha wani abu ke nan. Bokiti, baho, kofi, faranti, har ledar ƙulla koko, babu wanda ba na kasawa. Kuma Allah ya hore mini baki. Mace za ta tsaya tambayar kofi guda, ta bar rumfata da baho a ka tana mamakin yadda aka yi. Ga ni da ganin kaina wayayye, alhali a aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya.

Da matata ta haifi ɗiyarmu ta fari, sai na ci alwashin yarinyar nan ba za ta ci abinci a kayan ƙauye ba. Inna, mahaifiyata, ta zo wankan jego daga garinmu can wajen Maiyama, ta riƙo 'yar ƙwarya sabuwa da ludayin duma. Na tsare ta da wa'azi, wai duma na riƙe ƙazanta, likitoci ma sun faɗa. Waɗanne likitoci? Oho, ni ma ban san su ba. Inna ta dube ni sama da ƙasa, ta mayar da kayanta cikin buhu.

Na kwaso wa yarinya fida da kofi mai hannu biyu da ɗan kwano mai hoton agwagwa, duk irin masu arhar nan da ko suna babu a jikinsu. Bayan yaye, kullum safiya ni ke sawo koko a leda, yana ƙona hannu, a juye mata a kofin roba yana tururi. Alale a leda ake dafa shi. Ni da bakina na koya wa matata shimfiɗa leda a kan shinkafa kafin ta rufe tukunya, don ta yi saurin nuna. Da damina in itace ya jiƙe, leda ake kunnawa tana ɗiga a murhu, yarinya tana goye a baya tana shaƙa. In kofi ya lanƙwashe don zafi sai in ce ai rumfa tamu ce, gobe a kawo sabo. Har yabon kaina nake yi a majalisa.

Yarinya ta cika shekara uku ba ta haɗa kalma biyu ba. Sa'o'inta suna ta zuba kamar ubanta, ita sai nuni da yatsa. Maƙwabta suka ce nauyin baki ne, zai sake. Ni kuwa na yanke hukunci cewa daga dangin uwarta ta gado, don su mutanen Aliero sai su wuni a gonar albasa ba ka ji tarinsu ba. Matata ta ji haushin maganar nan ƙwarai, kuma tana da gaskiya.

A lokacin tana da ciki na biyu, tana zuwa awo wani ƙaramin asibiti kusa da gidan iyayenta. Wata rana ta dawo ta ce malamar asibiti ta lura da yarinyar, ta ce a zo da uban. Na tafi ina cika ina batsewa, an raba ni da kasuwa.

Malamar dattijuwa ce mai tabarau. Ta ce a kai yarinya Birnin Kebbi a duba kunnenta, sannan ta shiga tambayar me take ci, a cikin me take ci. Ni gogan naku na gyara zama na jero mata duka, har da dabarar shinkafa, ina jiran ta ce madalla. Ta bari na gama tsaf. Sai ta ce akwai wasu sinadarai da ake haɗa roba da su, zafi da maiƙo suna sa su fita su shiga abinci. Ta ce masana na zargin suna taɓa yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa, tun yana ciki har shekarunsa na farko, lokacin da komai nasa ɗanye ne.

Da kyar na ce, "Malama, ke nan ni na yi mata?"

"Ban ce ba," in ji ta. "Kuma babu wanda zai iya rantse maka ko kai ne ko ba kai ba ne. Abubuwa da yawa na kawo jinkirin magana. Amma ga wani nan a ciki, shi dai kar a maimaita."

Wallahi na gwammace ta ce ni ne, in san abin da nake nema wa gafara. Na tuƙo babur zuwa Jega, su biyu a bayana.

Muna isa na yi abin da nake ganin jarumta ce. Na tattaro duk wata roba da ke gidan, har butar alwala da ba ta yi wa kowa laifi ba, na tara a tsakar gida na zuba kananzir na ƙyasta ashana. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, maƙwabta suka fito da bokitai, na roba kuwa, yawanci a wurina suka saya. Matata ta suri yarinya tana tari ta yi zaure, daga can ta ce, "Malam, abin da aka ce kar ta ci, shi ne kake ɗura mata ta hanci?" Ni kuwa sai na hau faɗa da masu kashe wuta.

Kunnen yarinya lafiya lau, haka aka ce a Birnin Kebbi. Da muka koma wa malamar, matata ta ba ta labarin gobarata, ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce abu mai zafi a kwanon ƙarfe ko tangaran ko ƙwarya, shi ke nan, ba sai an ƙona gari ba. Sannan ta tambayi wa ke hira da yarinyar a gida, don a yanzu babu abin da zai taimake ta kamar a zauna ana yi mata magana, ana kiran sunanta.

Ni da matata muka dubi juna. Ɗiyar fari ce. A wurinmu ana jin kunyar ɗan fari, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka wasa da shi, sunansa ma ba ka faɗa. Uwarta takan yi mata 'yar magana in ba kowa. Ni kuwa, da nake wuni ina zuba wa baƙi surutu a kan baho, ban taɓa ce wa ɗiyata komai ba sai "ke, tashi nan".

Yanzu tana makaranta. Magana ta zo, a hankali, har yau tana bayan sa'o'inta, kuma har yau ban san rabon laifina a ciki ba. Ina nan ina sayar da robobi, sai dai ina bin masu saye da gargaɗin kar su zuba abu mai zafi, suna kallona kamar na taɓu.

Ranar da na fara kiran sunanta ce ba ta fita raina. Bayan la'asar ne, Inna ta zo jiran haihuwa tana zaune tana tsinar wake. Yarinya na wasa da ƙasa a gindin rijiya. Na shimfiɗa tabarma, na yi gyaran murya ya fi sau uku, zufa na keto mini, na kira sunanta.

Inna ta saki tire. "Yau kuma mi nika ji?"

Yarinyar ta ɗago. Ta dubi uwarta, ta dubi Inna, ta leƙa ƙofar gida ko baƙo ne ya shigo. Ni kaɗai ne ba ta duba ba. Shekara uku da watanni tana gidana, ba ta san muryata na iya kiranta ba.

Na share fuska da hannun riga, na sake kira.