Orval Mai Faɗowa da Goɗiyarsa Lulu

Orval Pruitt dai maƙwabcinmu ne a garin Kanab, katanga ɗaya ta raba mu. Sana'arsa mutuwa. Lokacin da masu wasan kaboyi na talabijin suka cika garin nan, shi ake sa wa baƙar hula, jarumi ya harbe shi, ya faɗo da doki. Gobe a manna masa gashin baki a sake kashe shi. Matarsa Darlene takan ce ita kaɗai ce bazawarar da ke dafa wa mamacinta wake kullum.

Goɗiyarsa Lulu shi ya koya mata faɗuwar. In ya ja linzami hagu ya taɓa ta da dunduniya, sai ta zube kamar an yanke ta. Amma fa sai ya riga ya haƙe wurin, ya tsince duwatsu, ya cakuɗa yashi da garin katako. Ba ya yarda wani ya yi masa wannan haƙar.

Da aka daina wasannin, masu kamara suka tattara suka tafi. Orval ya koma kiwon shanun mutane, Lulu kuwa ba a iya kiwo da ita, ka juya ta hagu ta kwanta. Darlene ta yi ta mita a kan ciyawar da goɗiyar take ci. To amma wasannin ba su mutu ba, ana ta maimaita su a talabijin. Mutane suka riƙa zuwa har daga Jamus, su ce da kallonsu suka girma, a nuna musu inda aka harbe wane. Garin ma ya ƙirƙiro bikin kaboyi duk shekara, kuma faɗuwar Orval ce ke rufe taro.

Ana nan duk suka tsufa. Shekarar da nake ba ku labari, likitan dabbobi ya duba gwiwar Lulu ya ce in ta ƙara faɗuwa a guje ƙafar za ta karye, dokin da ya karye kuwa kun san harsashi ne, na gaske. Ga shi an riga an sanar da biki, baƙi sun cika masauki. Darlene ta ce ya je ya ba su haƙuri. Ya ce mutane sun tsallako teku don su ga an kashe shi, ba zai mayar da su haka ba.

"Tsohon banza," in ji ta, "kai ka saba tashi. Ita fa?"

Ya ɗauki shebur ya tafi haƙarsa.

Ranar biki ina tsaye kusa da Darlene. Ya taho a sukwane da baƙar hularsa, mai wasan jarumi ya ɗaga bindiga, tau! Orval bai ja linzamin ba. Sakinsa ya yi, ya wurgo kansa ƙasa shi kaɗai. Da yake ba haka ya saba ba, sai ya wuce yashin ya sauka kan tsandauri. Har inda muke mun ji ƙarar ƙugunsa.

Lulu ta yi gaba kaɗan ta tsaya. Ta waiwayo, ta dawo ta shinshina shi. Ita tunda take ba ta taɓa ganinsa a ƙasa tana tsaye ba. Sai ta lanƙwashe gwiwa a hankali, irin na tsofaffi, ta kwanta gefensa. Baƙi suka yi ta tafi, sun ɗauka shiri ne.

Darlene ta ratsa fili ta durƙusa a kansa, ta ce masa ya tashi haka nan, an gama.

"Yau kam ba na tasuwa, 'yan mata," in ji shi. "Duba min ƙafarta tukuna."

Ta shafa ƙafar sama da ƙasa, ta ce lafiya lau. Sannan ya yarda aka kawo mota.