Muryoyin 'Yan Aji Huɗu a Durumi

A shekarun da nake koyarwa a wata ƙaramar firamare a Durumi, Abuja ba ta zaune wuri ɗaya, ni ma haka. Duk inda ka waiwaya gini ake yi. Tirelolin siminti da rodi daga Dei-Dei suna bi ta bayan makarantarmu, ga injin buga bulo a filin da ke manne da katangarmu, tun da safe yake girgiza tagogin ajina. Ƙawayen da muka gama karatu tare duk sun shige ma'aikatun gwamnati. Ni kuwa ina riƙe da alli, rabin hankalina yana kan waya, ko Allah zai sa a kira ni intabiyu.

Aji huɗu aka ba ni. 'Ya'yan 'yan kasuwa ne da direbobi da masu gadi, kowa da yaren gidansu, Hausar titi ce ta haɗa su. Turancin littafi kuwa ya ƙi shiga. In na ɗauko labari ina karanta musu, kafin in kai tsakiya wasu sun kifa kai a kan benci.

Yayana da ke aiki a wata ma'aikata shi ya fara nuna mini abin da ake kira podkas. Shiri ne irin na rediyo, amma a waya ake sauke shi, mutum ya saurara sanda ya ga dama. Ya cika mini waya da na yara, ya haɗa mini da wata 'yar sifika.

"Ke dai gwada musu," in ji shi. "Ko ba komai kya huta da ciwon maƙogwaro."

Ranar da na fara kunnawa, muryar wata Baturiya ce ta fito, tana ba da labarin wani kare da ya ɓata a cikin dusar ƙanƙara. Sai dariya ta ɓarke a ajin.

"Anti, me ya sa tana magana da hanci?" wata ta tambaya daga gaba.

Na kashe kafin a kai ƙarshe, raina a ɓace. Da aka tashi tara, sai ga wata yarinya daga bencin baya ta tsaya a gaban teburina. Tun farkon zango ba ta taɓa ɗaga hannu ba, in aka ce ta karanta sai ta daskare.

"Anti, karen ya samu gida?"

Na ce ta gaya mini abin da ta ji. Ta zayyano labarin tiryan-tiryan, har inda na katse. Ashe ita da kunne take karatu.

Daga ranar na kasa sukuni. In muryar da ba su saba da ita ba ta hana su barci, ina ga wadda suka sani? Na je wurin hedimasta da maganar ɗaukar muryoyin iyayen yaran, ya ce in dai za su ci jarrabawa, in yi abin da na ga dama.

Da Asabar ta zo na bi yarinyar zuwa rumfar mahaifiyarta. Daga Binuwai suka zo, doya da manja take sayarwa a bakin hanya. Da ta ga na fito da waya sai ta ja baya, tana goge hannu da zani.

"Malama, yarinyana ya ce za ka sa ni a rediyo. Ni ban yi makaranta ba fa. Me zan faɗa?"

"Mama, yadda ake shuka doya a garinku kawai za ki gaya mana."

Na miƙa wa 'yarta wayar, na ce ita ce mai tambaya. Ta fara tambaya. Uwar tana amsawa da Hausa, in ta ƙi ta sai ta koma yarensu, yarinyar kuma tana mayarwa da Turancinta mai tuntuɓe. 'Yan acaba suna ta hon, wani mai saye ya shigo yana taya manja, duk wayar ta kwashe.

Ran Litinin da na kunna, ajin kamar zai tsage. Yarinyar ta rufe fuska da tafin hannu, amma ina ganin haƙoranta. Suka yi ta gardama a kan ko doya ta fi son tudu ko kwari, na bar su suka gaji, sannan na ce kowa ya rubuta abin da ya ji da Turanci. Ban taɓa karɓar rubutu mai tsawon na ranar ba.

Nan fa kowa ya ce sai an je gidansu. Na ɗauki muryar direban tifa, da tela, da wata mai kitso. Asabar ta daina samuna a ɗaki. Ina ta zaga lungunan Durumi, ƙafafuna sun yi futu-futu, yara na biye da ni suna faɗa a kan wanda zai riƙe waya.

A cikin yawon nan na fara ganin jan fenti a jikin gidaje, alamar za a yi rusau. Kafin ƙarshen zango benci ya fara zama fili. Wata safiya na duba baya, ba yarinyar. Na je rumfar uwar, na tarar da tarin katako da langa-langa.

Bayan 'yan kwanaki, muna tsakiyar darasi, wayata ta yi ƙara. Na zabura na ɗauka, a zatona kiran aiki ne. Muryar uwar ce.

"Malama, mun koma Yangoji wurin ƙanin babansa. Ya dame ni da kuka, wai sai ya yi magana da 'yan ajinsu."

Na jona wayar da sifika. Yarinyar ta gaya musu gonar da suka samu, da rafin da ake wanki, da yadda akuya ta cinye mata takalmi. Daga nan duk Juma'a sai ta kira, muna ɗauka, yara suna ce mata wakiliyarmu ta Yangoji.

Kiran aikin ma ya zo daga baya, na kuwa karɓa. Na bar wa malamar da ta gaje ni sifikar da duk muryoyin da muka tara. A ofis aka ba ni kujera mai juyawa da tarin fayil. Sanyi, shiru, amma zama ya gagare ni. Har ogana ya taɓa tambayata ko lafiya nake yawan sintiri a baranda. Lambar uwar kuma wata rana ta daina shiga.

Shekaru suka ja. Aka tura mu wani aiki ta hanyar Lokoja, da muka iso Yangoji na roƙi direba ya tsaya. Na bi layin masu doya ina leƙa fuskoki. Uwar yarinyar ce ta fara gane ni.

"Malama! Kai ne?" Ta rungume ni. "Yarinyana yana makarantar kwana yanzu. Bakinsa ba ya hutawa, shi ne yake karanta labarai a gaban ɗalibai duk safe."

Ina da tambayoyi cike da baki, amma direba ya danne hon, oga yana leƙowa ta taga. Ta tura mini manyan doya a hannu, na ruga na shiga mota. Sai da muka wuce Abaji na tuna ban karɓi sabuwar lambarta ba.