Garin da Yaya Ya Gina

Yayana ya yi aiki a ofishin safiyo har ya yi ritaya, yana auna filaye yana zana tituna a takarda, waɗanda yawancinsu ba a taɓa shimfiɗawa ba. Abin da ya fito da shi daga aikin, ban da ciwon baya, shi ne wata tsohuwar kwamfutar tebur da aka yi gwanjonta. Fara ce a da, amma ta koma kalar haƙorin mai cin goro. In an kunna ta sai ta yi ta nishi kafin tsohon windon da ke kanta, wato manhajar da ke tafiyar da ita, ya buɗe, har mutum ya sha shayinsa ya gama.

A cikinta akwai wani gem, wato wasan kwamfuta, na gina gari. Fili fetal ake ba ka, kai za ka ja titi, ka ware unguwa, ka kai ruwa da wuta, sai 'yan mitsi-mitsin mutane su zo su tare. Shekara da shekaru Yaya yana gina gari ɗaya, kuma Sakkwato yake ginawa, irin wadda zai tsara da an bar shi. Gem ɗin bai san Hubbare ba, sai Yaya ya kewaye wurin da itatuwa, ya bar wa motocin masu ziyara fili. Ƙofar Taramniya, inda aka haife mu, ya yi wa kowane lungu magudanar ruwa, abin da ya yi ta rubuta wa manyansa ba su kula ba.

A gidanmu ba a faɗin wannan. Gidan malamai ne, kuma dattijo mai furfura ba ya wasa. In baƙo ya yi sallama, matarsa Hajiya takan ce Alhaji yana aiki. Ni kaɗai nake leƙawa in tsokane shi, in ce, "Ranka ya daɗe, yau gidan wa za a rushe?" Sai ya jefe ni da hula.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, magana ma ta tafi. Mutumin da ba a gama gardama da shi ya koma kallon bango, a ba shi kunu ya kau da kai. Hajiya ce ta yi dabarar jawo teburin kusa da gadonsa, ta ɗora hannunsa na hagu a kan maus, ɗan abin da ake juya kibiyar allon kwamfuta da shi. Da farko kibiyar sai yawo take yi kamar ƙuda. A hankali ta natsu.

Daga nan garin ya zama bakinsa. In ya kwana lafiya, za ka tarar ya shuka itatuwa. In an ɓata masa rai, sai ya rushe layi guda na gidaje yana kallonka. Ranar da na yi tafiya ban sallame shi ba, da na dawo na tarar ya datse titin da ke zuwa unguwarmu. Na ba shi haƙuri, ya mayar. A nan na ga dariyarsa ta farko tun da ya kwanta, da rabin baki.

Wata rana da azahar aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta yi ƙara ta mutu. Na naɗe ta a bargo na kai wa wani mai gyara a Sama Road, mutumin kirki wanda ya san gidanmu.

"Don Allah ka lallaɓa ta," na ce masa. "Akwai gem ɗin da Alhaji ka yi ciki. Shi am muhimmi."

Ya yi dariya har da dafa tebur. "Alhaji da gem? Kai Malam, ba ka barin ba'a. Tahi abinka, na gane."

Bai gane ba. Da na koma, ya tarbe ni da fara'a, kwamfutar tana walƙiya, ya goge ta tas. Abin da ya ƙone ɗan ƙarami ne, ya sauya shi. Amma su masu gyara, in suna ganin girman mutum, ba sa mayar masa da kwamfuta yadda ya kawo ta. Sai sun wanke ta, sun ɗora mata sabon windo. Ya miƙo mini filashi, ya ce takardun Alhaji da hotunan aikin Hajji da karatun malamai duk ya kwashe, ko ɗaya bai ɓata ba.

"Garin fa?" na tambaye shi.

"Wane gari? Tarkacen da yara sunka cika ta da shi dai na share. Kuma kak ka ba ni ko sisi, Alhaji ubanmu na."

Na zauna a kan bencinsa. Na so in zage shi, wallahi na so, amma ta ina zan fara zagin mutumin da ya yi mini alheri? Da na yi masa bayani, sai ya cire hularsa ya riƙe, ya yi ta salati.

Ya yi iya ƙoƙarinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya rufe shago ya yi ta lalube cikin na'urar, amma sabon windon ya riga ya zauna a kan wurin. Muka ce to ko gem ɗin kansa ne a mayar. Na ɗauko faifan daga gida, duk ya kakkarce. Sabon windo ya juya shi, ya fito da wani ɗan saƙo, ya ƙi. Ya zama sai an nemo tsohon windo, kuma duk shagon da muka shiga sai a kalle mu kamar masu cigiyar tsohon kuɗi. Duk tsawon kwanakin nan Yaya yana kwance, idonsa a kan teburin da babu komai. Ina shiga sai ya dube ni, ya dubi hannuna. Na riƙa ce masa, "Ana nan ana gyara, Yaya." Abincinsa ya fara dawowa kamar yadda aka kai shi.

Daga ƙarshe mai gyaran ya samo tsohon windon a wurin wani mai buga takardu. Ya sauke sabon, ya ɗora tsohon, ya goge faifan gem ɗin da man goge baki, ya yi bismilla. Kiɗan gem ɗin nan da na sani ya tashi. Har tafi mai gyaran ya yi. Ni ban yi ba, domin na san abin da ke bayan kiɗan.

Na kai ta gida da la'asar. Hajiya ta jingina Yaya da matasai, ta ɗora hannunsa a kan maus. Da ya ji nishin kwamfutar sai idonsa ya yi haske, ya gyara zama da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya danna inda ya saba dannawa. Babu komai. Ya sake dannawa. Sai fili ya buɗe, kore shar, ba gida ba titi.

Ya kai kibiyar tsakiya, inda itatuwan Hubbare suke a da. Ya gangara da ita inda unguwarmu take. Ya daɗe a wurin.

"Yaya, sai mu sake wani," na ce. "Ni ka ja maka titi, kai ka nuna min."

Ya ja titi guda, gajere, a karkace, domin hannun ya yi rauni a kwanakin da ya yi ba ya motsa shi. Ya tsaya yana kallonsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan layi miƙaƙƙe. Sai ya danna abin rushewa ya share shi, ya janye hannunsa ya sa cikin bargo, ya juya fuskarsa bango.

Na ci gaba da kunna ta kullum in na zo, ko kiɗan zai sa ya waiwayo. Bai waiwayo ba. Wata safiya na tarar Hajiya ta lulluɓe ta da tsohon zane, ta ɗora magungunansa a kai. Yanzu in na shiga na gaishe shi, ba ni da inda zan duba in san ko ya kwana lafiya.